Tazarce da Dokar Zubar da Ciki a Amurka ta Tsakiya: Yadda Ake Sassauta Ɗaya, a Tsaurara Ɗaya

A ranar 3 ga Satumba, 2021, sashen tsarin mulki na Kotun Ƙolin El Salvador ya yanke hukuncin cewa shugaban ƙasa mai ci yana iya sake tsayawa takara ba tare da ya sauka ya jira ba, alhali kundin tsarin mulkin ƙasar na 1983 ya haramta hakan a wurare da dama. Kimanin makonni biyu bayan haka, Shugaba Nayib Bukele, wanda shi ne hukuncin ya share wa hanya, ya sanar a shafinsa na Facebook cewa a cikin ɗimbin gyare-gyaren da ake shirin yi wa kundin, ba zai gabatar da ko guda da ya shafi zubar da ciki ko auren jinsi ba. A cikin wata guda ke nan aka nuna wa jama'a cewa kundin yana lanƙwasuwa idan maganar kujerar shugaba ce, amma ba ya motsi idan maganar mace mai ciki ce.

Ƙasashe uku ne a Amurka ta Tsakiya suka haramta zubar da ciki kwata-kwata, ko da kuwa ran uwar yana cikin haɗari, wato El Salvador da Nikaragua da Honduras. Waɗannan ukun kuma su ne a ƙarnin nan shugaba mai ci ya zarce a cikinsu ta hanyar hukuncin kotu. Ba za a ce ɗaya ne ya haifi ɗaya kai tsaye ba, amma wanda ya bi tarihin zai ga cewa sau da yawa hannun da ya zare sakatar wannan ƙofa shi ne ya ƙara wa waccan kwaɗo, kuma akwai dalilin siyasa a bayan hakan.

Kafin a fahimci girman abin da kotunan suka yi, sai an san dalilin da ya sa yankin ya tsani tazarce tun asali. A shekarun 1930 da 1940, kusan kowace ƙasa tana hannun mutum guda da ya ƙi sauka: Jorge Ubico a Gwatemala daga 1931 zuwa 1944, Maximiliano Hernández Martínez a El Salvador a tsawon waɗannan shekarun, Tiburcio Carías Andino a Honduras daga 1933 zuwa 1949, sai gidan Somoza da ya riƙe Nikaragua fiye da shekara arba'in har juyin juya halin 1979 ya kawar da shi. Saboda haka, lokacin da aka rubuta sababbin kundaye a shekarun 1980, marubutan ba su tsaya kan cewa wa'adi ɗaya ne kawai ba. Kundin El Salvador ya ce shugaba zai yi shekara biyar ba tare da ƙarin ko yini guda ba, ya ce wanda ya yi kamfen na tazarce zai rasa haƙƙinsa na ɗan ƙasa, har ma sashe na 88 ya wajabta wa jama'a yin tawaye idan aka keta ƙa'idar miƙa mulki. Na Honduras na 1982 ya fi haka tsanani, domin sashe na 239 ya tanadi cewa jami'in da ya ko da ba da shawarar a gyara wannan haramci zai sauka daga muƙaminsa nan take, a kuma hana shi aikin gwamnati na shekara goma. Wani sashen kuma ya hana majalisa taɓa dokar har abada.

Tun da an toshe hanyar majalisa, sai masu neman komawa mulki suka nufi kotu. Abin mamaki, ƙasar da ta fara gwada wannan hanya ita ce Kosta Rika, wadda ake kafa misali da dimokuraɗiyyarta. A 2003 sashen tsarin mulki na kotunta ya soke gyaran 1969 da ya hana tsohon shugaba sake tsayawa, lamarin da ya ba Óscar Arias, wanda ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1987, damar dawowa a 2006. Sai dai Arias ya shafe shekara goma sha shida a wajen mulki kafin ya dawo, kuma har yanzu shugaba mai ci ba ya zarcewa a can. Abin da maƙwabta suka ɗauka shi ne hujjar: tsayawa takara haƙƙi ne na ɗan Adam, wanda sashe na 23 na Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ya tabbatar, don haka hana mutum tsayawa tauye masa haƙƙi ne. Da wannan hujja aka riƙa bayyana wani sashen kundi a matsayin wanda ya saɓa wa kundin kansa.

A Nikaragua ne alaƙar batutuwan biyu ta fi fitowa fili. Daniel Ortega, jagoran 'yan Sandinista (masu juyin juya halin 1979) da ya mulki ƙasar a shekarun 1980, ya faɗi zaɓe a 1990 da 1996 da 2001. Ya gane cewa ba zai iya samun rinjayen rabin ƙuri'u ba, sai tun kafin zaɓen 2001 ya ƙulla yarjejeniya da abokin hamayyarsa Arnoldo Alemán, aka rage mafi ƙarancin abin da ɗan takara ke buƙata zuwa kashi 35 cikin ɗari, muddin ya ba na biyu ratar maki biyar. Sauran aikin shi ne sasantawa da Cocin Katolika, musamman Kadinal Miguel Obando y Bravo, wanda a da babu wanda ya kai shi sukar gwamnatin Sandinista. A 2005 Ortega ya ɗaura auren coci da Rosario Murillo, kuma kadinal ɗin ne ya jagoranci bikin.

Sai ranar 26 ga Oktoba, 2006, saura kwana goma zaɓen shugaban ƙasa, majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'a 52, babu ko ɗaya mai adawa, ta soke damar zubar da ciki don ceton ran uwa. Wannan dama ta shafe fiye da shekara ɗari a dokar ƙasar, kuma ba a amfani da ita sai likitoci uku sun sa hannu. 'Yan majalisar Sandinista, waɗanda jam'iyyarsu ta daɗe tana tinƙaho da 'yantar da mata, suna cikin waɗanda suka amince. Ortega ya ci zaɓen da kusan kashi 38 cikin ɗari. Shekara uku bayan haka, a Oktoban 2009, alƙalan da ke tare da shi a sashen tsarin mulki suka zauna ba tare da takwarorinsu na ɓangaren adawa ba, suka ce sashe na 147 da ya hana zarcewa ba ya aiki a kansa. A 2014 majalisa ta goge iyakar wa'adi gaba ɗaya. A 2021 aka kama mutum bakwai da ke shirin takara kafin zaɓe. A farkon 2025 kuma aka sake kundin, aka mai da wa'adi shekara shida, aka naɗa Murillo shugabar ƙasa ta haɗin gwiwa da mijinta. Abin lura a nan shi ne cewa zumuncin Ortega da cocin ya wargaje bayan zanga-zangar 2018 da aka kashe fiye da mutum 300 a cikinta, har aka yanke wa Bishop Rolando Álvarez ɗaurin shekara 26 kafin a kore shi daga ƙasar, amma dokar 2006 tana nan daram.

Labarin Honduras ya fi ɗaure kai, domin a can an yi juyin mulki ne da sunan kare haramcin tazarce. Da asubahin 28 ga Yuni, 2009, sojoji suka ɗauke Shugaba Manuel Zelaya daga gidansa da kayan barci a jikinsa, suka sa shi a jirgi zuwa Kosta Rika. Laifin da aka ɗora masa shi ne shirya jin ra'ayin jama'a kan ko a ƙara akwati na huɗu a zaɓen Nuwamba, wanda za a tambayi mutane ko suna son a kira taron rubuta sabon kundi. Masu adawa da shi suka ce hanyar zarcewa yake nema. Shi kuwa ya musanta, kuma wa'adinsa zai ƙare a Janairun 2010 kafin kowane sabon kundi ya fara aiki. Ko a wannan rikici batun haihuwa bai ɓace ba: majalisa ta zartar da dokar hana sayar da ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, Zelaya ya ƙi sa mata hannu, sai gwamnatin da ta maye gurbinsa ta hana ƙwayar ta hanyar umarnin ma'aikatar lafiya a Oktoban wannan shekarar.

Abin da aka kori Zelaya a kan zarginsa, shi Juan Orlando Hernández na Jam'iyyar Ƙasa ya aikata a bainar jama'a. A Disamban 2012, lokacin yana shugaban majalisa, an tsige huɗu daga cikin alƙalai biyar na sashen tsarin mulki, aka maye gurbinsu. Ya zama shugaban ƙasa a 2014, kuma a Afrilun 2015 sashen da aka sake wa zubi ya ce haramcin tazarce ba ya aiki, da hujjar nan ta haƙƙin ɗan Adam. A zaɓen 2017, ɗan takarar adawa Salvador Nasralla yana kan gaba da kusan maki biyar bayan an ƙirga fiye da rabin ƙuri'u, sai aka ce na'urorin tattara sakamako sun tsaya. Da suka dawo aiki, Hernández ne ya haye da 'yar rata. Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka ta nemi a sake zaɓen, ba a sake ba, kuma an kashe fiye da mutum ashirin a zanga-zangar da ta biyo baya.

A shekarar ƙarshe ta wa'adinsa na biyu, lokacin da zarge-zargen hannu a fataucin hodar iblis suka yi masa katutu, majalisar da jam'iyyarsa ke jagoranta ta ɗauko batun zubar da ciki. Ajantina ta halatta shi har zuwa mako 14 a ƙarshen Disamban 2020, kuma ba a rufa wata guda ba, a Janairun 2021, majalisar Honduras ta shigar da haramcin cikin sashe na 67 na kundi, ta kuma tanadi cewa ba za a iya sauya shi ba sai da kashi uku bisa huɗu na 'yan majalisa, wato 96 daga cikin 128, maimakon kashi biyu bisa uku da ake buƙata a sauran gyare-gyare. Babu wata doka da ke gab da halatta zubar da ciki a ƙasar a lokacin, domin an riga an haramta shi tun shekarun 1980. Shi kuwa Hernández, bayan saukarsa an miƙa shi ga Amurka a 2022, kotu a New York ta yanke masa shekara 45 a 2024, sannan Shugaba Donald Trump ya yi masa afuwa a ƙarshen 2025.

A El Salvador kuwa jerin abubuwan ya bambanta, kuma adalci ne a faɗi haka. Haramcin ya girmi mulkin Bukele da shekara ashirin: sabuwar dokar laifuka da ta fara aiki a 1998 ita ce ta soke uzurori uku da tsohuwar doka ta amince da su, sannan a 1999 aka gyara sashe na farko na kundi ya ce ana ɗaukar mutum a matsayin mutum tun daga lokacin shigar ciki. Bukele gadon dokar ya yi, ya kuma zaɓi ya riƙe ta. Game da kujerarsa kuwa, ya bi sawun Hernández cikin gaggawa. A ranar 1 ga Mayu, 2021, ranar farko da sabuwar majalisar da jam'iyyarsa ta mamaye ta zauna, aka tsige dukan alƙalai biyar na sashen tsarin mulki da babban lauyan gwamnati. Sababbin alƙalan ne suka yanke hukuncin Satumba. Ya sake cin zaɓe a Fabrairun 2024 da kusan kashi 85 cikin ɗari, kuma farin jininsa na gaske ne, domin kisan kai da ya haura mutum 100 cikin kowane 100,000 a 2015 ya sauko ƙasa da 2 a 2024 bisa alƙaluman gwamnati, ko da yake an cim ma hakan ne a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci da aka kama fiye da mutum 80,000 da ita tun Maris 2022. A ranar 31 ga Yuli, 2025, majalisa ta amince da ƙuri'a 57 da 3 cewa shugaba zai iya tsayawa iya son ransa, wa'adi ya koma shekara shida, an soke zagaye na biyu, an kuma matso da zaɓe zuwa 2027.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa muhawarar da ake yi a waɗannan ƙasashe ita ce ko a bar kowace mace ta zubar da ciki idan ta ga dama. Ba a kai nan ba tukuna. Abin da yawancin masu neman sauyi ke roƙo shi ne a dawo da uzurori uku: idan ran uwa yana cikin haɗari, idan ɗan tayin ba zai rayu ba, ko idan fyaɗe ne ya jawo cikin. Don a auna tsananin dokar, ko dokar laifuka ta Arewacin Najeriya, wadda babu mai kiranta da sassauci, ta amince a cire ciki don ceton ran uwa. Sannan a El Salvador, hukuncin zubar da ciki shekara biyu zuwa takwas ne, amma masu gabatar da ƙara sukan sauya tuhumar zuwa kisan kai mai tsanani, wanda ke kai mace shekara 30 ko fiye a kurkuku, kuma wannan ya faɗa kan matan da suka yi ɓari ko suka haihu su kaɗai ɗan ya zo babu rai.

Wata mata da ake kira Manuela, wanda ba sunanta na gaskiya ba ne, talaka ce daga karkara, ba ta iya karatu ba. A Fabrairun 2008 naƙuda ta kama ta ba zato a bayan gida na rami, ta zubar da jini har ta suma. Da aka kai ta asibiti, likitar da ta duba ta ce ta kai rahotonta ga hukuma, aka ɗaure hannunta da ankwa a jikin gadon jinya, aka yanke mata shekara 30. Ta rasu a 2010 tana tsare, sakamakon ciwon dajin da ba a kula da shi yadda ya kamata ba. A Nuwamban 2021 Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta nahiyar Amurka, mai zama a San José, babban birnin Kosta Rika, ta samu El Salvador da laifin tauye mata haƙƙi, ciki har da tona sirrin marar lafiya. Wata kuma, Beatriz, tana da shekara 22 a 2013, tana fama da cutar lupus (wadda garkuwar jiki ke kai wa jikin kansa hari) da ta taɓa mata ƙoda, ga shi cikin da take ɗauke da shi ba shi da mafi yawan ƙwaƙwalwa. Likitocinta sun ba da shawarar a cire cikin, sashen tsarin mulki ya ƙi, aka bar ta tana jira makonni har aka yi mata tiyata a watan Yuni, jaririyar ta rayu awa biyar. Hukuncin kotun nahiyar ya zo a Disamban 2024, ya ɗora wa gwamnati alhakin barin likitoci ba tare da ƙa'ida bayyananniya ba, amma bai umarci a soke haramcin ba.

Masu goyon bayan haramcin ba 'yan kaɗan ba ne, kuma ba duka ne 'yan wasan siyasa ba. Sun yi imani cewa rai yana farawa daga shigar ciki, suna kuma tsoron cewa uzuri ɗaya zai buɗe ƙofar sauran, suna kafa hujja da abin da ya faru a Ajantina da Kolombiya, inda daga baya aka halatta zubar da ciki. A kan tituna ana gane ɓangarorin da ƙyallen da suke ɗaurawa, masu neman sassauci kore, masu adawa shuɗi mai haske. Abin da ya ƙara wa na biyun nauyi shi ne bunƙasar majami'un bishara, waɗanda binciken cibiyar Pew na 2014 ya nuna mabiyansu sun kai kusan kashi 40 cikin ɗari a Honduras da Gwatemala da Nikaragua. Suna takara da Cocin Katolika wajen neman mabiya, amma a kan wannan batu bakinsu ɗaya. Ga shugaban da halaccin mulkinsa ke tangal-tangal, wannan ciniki ne mai araha: ba ya cin kasafin kuɗi, ba ya taɓa 'yan kasuwa ko sojoji, waɗanda ke biyan farashinsa kuma mata ne talakawa da ke zuwa asibitin gwamnati, domin masu hali suna da asibitocin kuɗi da tikitin jirgi. A ganina wannan ne ya sa batun hagu da dama ba ya bayyana komai a nan, tun da Ortega ɗan gurguzu ne, Hernández mai ra'ayin riƙau, Bukele kuma ya fito daga jam'iyyar hagu ya kafa tasa.

Sauran ƙasashen yankin sun nuna cewa ba dole ne abin ya tafi haka ba. A Panama, lokacin da Ernesto Pérez Balladares ya so zarcewa a 1998, jama'a aka tambaya ta ƙuri'ar raba-gardama, kusan kashi biyu bisa uku suka ce a'a, maganar ta mutu. A Gwatemala haramcin tazarce bai karye ba, har ma a 2011 kotu ta hana Sandra Torres takara bayan ta rabu da mijinta, Shugaba Álvaro Colom, don kauce wa dokar da ta hana iyalan shugaba mai ci tsayawa. A Maris 2022 majalisar ƙasar ta ƙara hukuncin zubar da ciki zuwa shekara goma, amma cikin mako guda aka jingine dokar bayan Shugaba Alejandro Giammattei ya ce ta saɓa wa kundi. Kotun nahiyar ma, bisa buƙatar Kolombiya, ta bayyana a 2021 cewa zarcewa ba iyaka ba haƙƙin ɗan Adam ba ne, wato ta rushe hujjar da kotunan Nikaragua da Honduras suka dogara da ita. Sai dai ba ta da 'yan sanda, kuma babu shugaban da ya sauka saboda wannan ra'ayi.

Honduras ta gwada abin da ke faruwa idan mai son sassauci ya karɓi mulki bayan an gama kulle dokar. Xiomara Castro, matar Zelaya, ta hau mulki a Janairun 2022 da alƙawarin dawo da uzurorin nan uku. Ba ta taɓa kusantar ƙuri'a 96 a majalisa ba. Abin da ikonta ya kai shi ne ƙwayar gaggawa, domin umarnin ma'aikata ne ya hana ta, ba kundi ba, kuma ta ɗage hanin a ranar 8 ga Maris, 2023. Ba ta nemi zarcewa a zaɓen Nuwamba 2025 ba, jam'iyyarta ta tsayar da Rixi Moncada, wadda ta sha kaye, kuma sashe na 67 yana nan yadda majalisar Hernández ta bar shi.